Zaren Kaset a Gonar Kawu Ɗantala

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Halliru ya fita daga Beli ya kama hanyar gonar kawunsa, biro a aljihu, kwanson kaset a hannu. Zare kawai zai kwaso ya dawo.

Shekara bakwai ya yi ba ya garin. Daga Zariya aka tura shi Turai karatun kimiyya, kuma aikin da ya yi a can ko mahaifiyarsa Hajo bai iya yi wa bayaninsa ba. Ƙarfe suke shafawa a jikin gilashi, shafi siriri wanda ɓawon albasa ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, su mayar da shi mayen ƙarfe. Sai su haɗa shafi biyu, su sa shinge a tsakani wanda bai kamata lantarki ya wuce ba. Amma wucewa yake yi. Babu rami, babu tsaga, ƙwayoyin lantarki su ɓace a wannan gefe su ɓullo a wancan. Shekara huɗu Halliru ya yi yana auna wannan ratsawa, na'ura tana zuba masa awon a kaset guda. Kafin ya kammala, tallafin karatu ya yanke, aka ce ya tattara ya koma gida.

Wata takwas ke nan yana zagaye gari kamar wanda ya yar da abu. Ba ya zama a majalisa, ba ya gama tuwo. Sai ranar nan wasiƙar malaminsa ta iso, bayan ta sha yawo a hanya. Faifan ajiyarsu na can ya lalace, in ji malamin, awon da ke hannun Halliru shi kaɗai ya rage. In kaset ɗin ya iso kafin ƙarshen wata, za a mayar da shi ya ƙarasa. In bai iso ba, an rufe maganarsa. Kwana tara suka rage.

Ya buɗe akwati. Babu kaset.

Hajo ta ce ai Kawu Ɗantala ne ya ara shekaranjiya waccan, yana son jin waƙar Turawa. Halliru ya same shi a zaure yana gyaran igiya. Kawu bai ɓoye ba. Ya ce ya sa a rediyo, bai ji komai ba sai ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, ya tabbata kaset ya lalace. Ga gero ya fara nuna, ga tsuntsaye sun yi masa taron dangi. Sai ya yi abin da kowa ke yi da mataccen kaset: ya zare zaren, ya ja shi a kan gona.

"To Bature, ni na san karatunka ne a ciki?" Ya miƙo masa kwanson. "Amma fa yana aiki. Ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba."

Da ya ga fuskar Halliru sai ya daina dariya. Ya ce a bari da safe su je tare, don gonar ta yi iyaka da wurin da kakanni suke narka tama a zamanin da, kuma ba a kaiwa almuru a can. Halliru ya nuna masa gabas. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin. In ruwa ya daki zaren, shi ke nan. Motar Karaye kuma, inda gidan waya yake, da asuba take tashi.

Hajo ta biyo shi har ƙofar gida. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Kai ɗan nan, ka bari gari ya waye."

Bai juyo ba.

Geron ya fi shi tsawo. Zaren yana nan a sama, an ɗaɗɗaure shi a sanduna daga kunya zuwa kunya, yana walƙiya, iska tana kaɗa shi yana wani siririn kuka. Halliru ya samo bakinsa, ya laƙa a kwanso, ya zura biro ya fara naɗewa. Zaren bai tsinke ba, rana ba ta ƙona shi sosai ba. Ya kwance sanda ta farko, ta biyu, ta biyar. A karon farko cikin wata takwas ya ji ƙirjinsa ya ɗan saki.

Can nesa aka kira magariba. Ya ce a ransa yanzu zai gama ya yi.

Ya wuce rabi lokacin da ya lura kwaɗi sun yi shiru. Gyare ma ya yi shiru. Iska ta tsaya cak, ganyen gero ko motsi. Amma zaren bai daina kuka ba.

Sai wari. Ƙaurin ƙarfe mai zafi, irin na maƙera, a tsakiyar gona mai danshi.

Mukullin akwatinsa ya motsa a aljihu. Ya duba. Aljihun rigar ya ɗago da kansa, yana nuna gaba. Agogon hannunsa ya tsaya. Halliru ya san abin da ke jan ƙarfe haka, ya kuma san abin da yake yi wa kaset: sharewa yake yi, tas. Ba tsoron aljan ne ya fara kama shi ba. Tsoron shekara huɗu ne. Ya cusa kwanson a hammatarsa ta hagu, ya juya jikinsa ya kare shi, ya ci gaba da tattara sauran zaren da hannun dama, yana naɗawa a yatsunsa.

Sanda ta ƙarshe tana bakin gona. Zaren bai ƙare a nan ba. Ya miƙe cikin ciyawa, a ɗame, kamar an ja layi.

Ya bi shi.

Tsohon murhun narka tama ne, zagayayye kamar ƙaramin rumbu, tsawonsa ya kai ƙirji. Wuta ta gasa yumɓun tun zamanin kakanni har ya koma dutse. Gara ta toshe bakinsa na sama. Zaren ya tafi kai tsaye ya shiga bangon.

Halliru ya durƙusa. Ya shafa wurin da yatsa. Babu rami. Babu tsaga. Zaren ya fito daga yumɓun kamar yadda gashi ke fitowa daga fata.

Ya ja a hankali. Zaren ya biyo, da ɗumi. Kamu ɗaya. Kamu biyu.

Sai aka ja daga ciki.

Ba da ƙarfi ba. Kamar kifi yana taɓa ƙugiya.

Ya yi sallama, muryarsa da ƙyar ta fita.

Aka amsa daga cikin bangon. Murya ce ƙasa-ƙasa, kamar ana goga wuƙa a dutse.

"Naka ne?"

"Nawa ne."

"Kwana uku muna saurare. Ka ƙirga hanyarmu daidai. Ba ka ƙarasa ba dai."

Ƙafafunsa suka ce ya tashi. Bai tashi ba. Abin da ya rage a ciki awon shekarar ƙarshe ne, wanda malamin ke jira.

"Don Allah ku sakar mini," ya raɗa. "Ba ni da wani."

"Shigo ka karɓa."

Zaren ya ɗame a yatsunsa. Ya ja su zuwa bango. Halliru ya jira ya ji tauri.

Bai ji ba.

Yatsun suka shige. Babu zafi. Sanyi ne, sannan wani tsuwwa cikin ƙashi. Ya ga bayan hannunsa yana nutsewa cikin busasshen yumɓu, yumɓun ko ɓurɓushi bai zubar ba.

Wuyan hannu.

A can ciki wani abu ya kama yatsunsa. Busassun yatsu ne, dogaye. Suna taɓa nasa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga. Nasu sun fi biyar. Sun fi goma.

Ya nemi addu'a. Wadda ya haddace tun yana allo ta tsaya masa a maƙogwaro, farkonta kawai yake maimaitawa.

Har a lokacin bai saki zaren ba. Yana ja, yana kuka, yana cewa saura kaɗan.

Gwiwar hannu.

Kumatunsa ya manne da bango. Ya ji abin da ke ciki. Ƙarar na'urarsa ce, tana tashi tana sauka. A bayanta, numfashi. Na mutane da yawa, a wuri mai faɗi, wanda ya fi murhun girma.

Kunnensa ya fara sanyi.

Ɗigon ruwa ya faɗo masa a ƙeya.

Zaren da ya haɗa kwanson da hannunsa yana gaban bakinsa. Ya kafa haƙori. Ya datse. Ya buɗe yatsunsa a can ciki, ya bar musu abin da ke naɗe. Ya tokare bango da ƙafa biyu ya fizge.

Ya faɗi da baya.

Bai duba hannun ba. Ya cusa kwanson a cikin riga, ya faɗa cikin gero. Kara na dukan fuskarsa. Ruwa ya ɓarke. A bayansa babu takun kowa, babu kira. Shirun ne ya fi kora shi.

A ƙofar gida Kawu Ɗantala ya tare shi da fitila a hannu, yana shirin fita nemansa. Halliru ya miƙa masa kaset da hannun hagu, ya faɗi sunan gidan waya na Karaye, ya zube.

Kwana huɗu ya yi yana zazzaɓi. Kawu da kansa ya kai saƙon, bai kuma sake noma wannan gefen gonar ba.

Hannun daman ya warke, in an kira wannan warkewa. Daga gwiwa zuwa yatsu sanyi ne da shi ko a tsakar rana. Allurar Hajo takan tashi daga faifai ta manne masa a tafi. Rediyo yakan shaƙe in ya wuce. Wani maƙwabci ya ba shi kaset ɗin wa'azi ya riƙe masa na minti ɗaya, da aka sa, babu komai a ciki.

Bayan wata biyu amsa ta zo, da takardar jirgi a ciki. Malamin ya ce kaset ya karantu daga farko har ƙarshe, babu abin da ya ɓace. Abu ɗaya ne bai gane ba. A ƙarshen zaren akwai wasu awo da ba a ɗakinsu aka yi ba, inda shingen ya kai kamu guda a kauri, kuma abin ya ratsa. Yana tambaya a ina Halliru ya yi su, da wace na'ura. Ya ce ya taho da wuri su maimaita.

Halliru ya karanta sau biyu a zaure. Ya dubi hannun da zai share duk wani shafin ƙarfe da ya kusanta, hannun da babu ɗakin binciken da zai bari ya ƙetare ƙofa. Ya ɗauki biro da hagu, ya rubuta layi biyu karkatattu. Ya ce ba shi ya yi awon ba. Ya ce don Allah kada su maimaita.

Yana Beli har yanzu, yana koyar da lissafi a firamare da hannun hagu. In magariba ta gabato, yakan shiga ɗaki ya zauna a kan hannun damansa da dukkan nauyinsa, har sai an daina ja.