Tikiti Ɗari Huɗu a Kujerun Sama

Da ƙarfe goman safiyar Laraba aka kira Sufeto Nestor Varga zuwa wani gidan wasan waƙa da rawa da ke titi na arba'in da biyar a New York. Shi dai bai taɓa gane dalilin da zai sa baligi ya ɓarke da waƙa a tsakiyar magana ba, balle a biya dala ɗari don a kalle shi.

Dala dubu talatin da takwas ne suka ɓace daga akwatin ƙarfe na ofis. 'Yan wasa suka tara su, mako shida suna tsayawa bakin ƙofa da bokiti bayan an tashi, domin tsohon mai kula da fitilunsu da ke jiran aikin zuciya ranar Litinin.

Varga ya duba akwatin. Ko ƙwarzane babu.

"Mutum nawa ke da mukulli?"

"Biyu," in ji Sheldon Brandt, mai shirya wasan. "Ni da Maureen Tierney, shugabar masu sayar da tikiti. Shekararta talatin a tagar nan. Gara ka zargi uwata."

"Uwarka tana da mukulli?"

Brandt bai yi dariya ba.

"Yaya kasuwa?"

"Sai godiya, Sufeto. Mutane har rububi suke."

"To me ya sa aka liƙa ragin kashi hamsin a ƙofa?"

Brandt ya zauna, ya sassauta wuyan rigarsa. A hankali gaskiya ta fito, kamar ana cire masa haƙori. Yarjejeniyarsu da mai ginin ta ce idan cinikin mako ya gaza dala dubu ɗari huɗu sau biyu a jere, yana da ikon korarsu. Makon jiya ya gaza.

"Wannan makon fa?"

"Da ƙyar za mu haye. Jiya Allah ya kawo mana ciniki."

"Da katin banki Allah ya biya, ko da tsabar kuɗi?"

Maureen Tierney ce ta kawo takardun ciniki, mace mai furfura da tabarau rataye a wuya. Varga ya bi layukan da yatsa. Tikiti ɗari huɗu, duk na kujerun sama, duk an saye su ranar Talata, duk tsabar kuɗi.

"Wa ke biyan tsaba a garin nan, Madam? Ko mai bara ya koma kati."

"Baƙi ne 'yan yawon buɗe ido. Ƙungiya guda."

"Sunan ƙungiyar?"

"Ba na tambayar sunan mai kuɗi a hannu, Yallaɓai."

Varga ya buga wa bankin gidan wasan waya. An bar shi yana sauraron kiɗa na minti ashirin kafin wata ta tabbatar masa cewa cinikin Talata ya zo ne a takardun dala ɗaya da dala biyar, a cukuikuye. Kuɗin bokiti ke nan. Amma tagar sayar da tikiti uku ce, kuma kowa na iya aiko wani ya saya. Ya san lauya ɗan koyo ma zai yaga wannan hujjar kafin ya gama shan kofi.

Da ƙarfe biyu saura kwata, lokacin wasan rana, ya hau bene yana haki. Ya yi zaton zai tarar da kujeru fayau, don ɓarawo mai hankali zai yayyaga tikitin ne ya zuba a shara.

Wurin a cike yake da tsofaffi, sanduna jingine a ko'ina.

Wata tsohuwa mai jan baki da hular gashin tsuntsu ta zungure shi da sanda. "Ɗan nan, ka tare mini dandali. Ko kai ne wasan?"

"Daga ina kuke, Mama?"

"Gidan tsofaffin 'yan wasa, can tsallaken kogi. Bas biyu muka cika. Ni na yi rawa a kan katakon can tun uwarka ba ta yaye ka ba."

"Wa ya saya muku tikiti?"

"Saya? Da wane fanshon? Maureen ce ta kawo da kanta jiya, na mako guda cur. Ta ce mu yi shiru, mu tafa da ƙarfi." Ta dube shi sama da ƙasa. "Shirun ne dai ban taɓa iyawa ba."

Ya sami Maureen a bayan taga tana jera canji. Ta ga fuskarsa, ta ajiye.

"Me ya hana ki yaga su?"

"Ka taɓa tsayawa a dandali ka ga duhu babu kowa a ciki? An sayar da kujera kuma a bar ta wayam? Yaran nan sau takwas a mako suke fasa maƙogwaro." Ta cire tabarau. "Mutum sittin da biyu ke ci a nan. Na ce idan muka haye makon nan, hutun Kirsimeti zai kawo jama'a, in mayar da kuɗin kafin a sani."

"Aikin zuciyar ranar Litinin ne, Madam, ba ranar Kirsimeti ba."



Brandt ya tsaya a bakin ƙofa, fuskarsa kamar toka. "Sufeto, idan aka cire wannan cinikin…"

"Za a cire. Kuɗin na mara lafiya ne."

"To ranar Lahadi mun rufe."

Ta bango ana jin makaɗa sun fara, sai tafi ya sauko daga sama, mai ƙarfi fiye da kima.

Maureen ta ajiye mukullin a kan tebur, ta ɗauki jakarta. "Sheldon, kada ka gaya wa 'yan wasan sai an sauke labule."

Varga ya riƙe mata ƙofa. Suka fita ta gefe, don kada hasken rana ya shiga zauren.