Ƙoƙon Rabon Ruwa

A can baya an yi wani gari da ke noman rani da rafi guda. Mutum ɗaya ne ke raba ruwan. Yana da ƙoƙo mai 'yar huda a gindi, yakan ɗora shi a ruwan tukunya, ya buɗe wa gona ɗaya hanyar ruwa. In ƙoƙon ya cika, sai ya ce, "Ya nutse, na gaba."

Wata shekara rafin ya ja baya. Yayan mai rabon ruwan, wanda albasarsa ta fara yaushi, ya kawo masa ƙaro, ya ce, "In layi ya zo kaina, liƙe rabin hudar, ya daɗe bai nutse ba."

Mutumin ya karɓa. Washegari ya liƙe rabin hudar tun daga gonar farko. Yayan ya yi ta jira, ya yi ta jira, har rana ta take. Ya taso da faɗa.

Mutumin ya ce, "Yaya, ƙoƙon ɗaya ne. Yadda zai daɗe a gonarka, haka yake daɗewa a ta kowa."

Can yayan ya durƙusa, ya sa farce ya kankare ƙaron da kansa.