Tambarin Gida

Wata biyu ke nan da rasuwar Yaya, amma silifas ɗinsa suna nan a bakin ƙofar ɗaki, ɗaya ya ɗan karkace, yadda ya cire su da safen da ya fita. Inna ta hana a ɗauke.

Ƙarami, ƙanen Yaya, yana zaune a tsakar gida yana murza bayan hannunsa. A kan jijiyoyin yatsunsa akwai wasu ƙullutai masu tauri. Babansu yana da su, Yaya ma haka. Dukansu kafintoci ne, sai suka ɗauka kantar aiki ce. Inna kuwa tambarin gida take ce musu, tana alfahari: duk ɗan da ya fito da su, ba a tambayar na wane ne.

Baba ya faɗi yana da shekara arba'in da ɗaya. Yaya ya faɗi a shago, da zarto a hannu, yana da talatin da huɗu. Ƙarami ne ya tare kansa kafin ya bugu da ƙasa.

Sallamar Gwaggo ce ta katse masa tunani, yayar mahaifin Auta, yarinyar da yake nema shekara biyu. Ko zama ba ta gama yi ba ta sauke abin da ya kawo ta.

"Ƙanena ya ce a dakata da maganar aure, sai yaron nan ya je an gwada jininsa."

"Gwajin me?" in ji Inna. "Mutuwa ai ta Allah ce!"

"Ta Allah ce, ba musu. Amma ke kin taɓa ganin furfura a kan namijin gidan nan? Mu ba za mu kai yarinya ɗaki bana, baɗi mu je ɗauko ta da goyo ba!"

Inna ta toshe baki da gefen zani, kuka ya ƙwace mata. Ƙarami kuwa zuciyarsa kawai yake ji tana buga masa ƙirji kamar baƙon da ke sauri a bakin ƙofa.

Ya je, an ɗebi jinin. An ba shi sakamako a cikin ambulan, aka ce ya kai wa likita. Bai kai ba. Ya jefa ta cikin akwatin kayan aikin Yaya, ƙarƙashin guduma, ya rufe.

Sati uku yana kewaya akwatin nan kamar mai kewaya rijiya. Da injin yankan katako ya yi shiru, sai ya kai hannu ƙirji ya saurara. Matakalar shago guda tara ce, a ta biyar yake tsayawa, gumi na keto masa, yana jiran abin da ya zo wa Yaya.

Ranar nan da hantsi Auta ta shigo shagon, tana kakkaɓe garin katako daga mayafinta.

"Malam kafinta, ina rizal ɗin gwajin jinin?"

"Bai fito ba."

"Kalle ni ka sake faɗa."

Ya sunkuyar da kai, idonsa ya faɗa kan akwatin Yaya.

"Haba! Ni ina gida ina shan baƙar magana safe da yamma, kai kuma kana nan kana ɓoyon takarda? Filis, kar ka yi min haka!"

"Auta, in na buɗe na ga ranata a ciki fa? Ni na riƙe Yaya. Ya buɗe baki zai ce min wani abu — bai samu ya faɗa ba."

Idonta ya kawo ruwa. Ta sassauta murya.

"Wallahi ba tsoron ciwonka nake ba. Mai ciwo zan iya zama da shi. Wanda ba zan iya zama da shi ba shi ne wanda zai bar ni ina sauraron ƙirjinsa kullum, alhali amsa na cikin akwati. Ɗauko ta. Yanzu!"

A asibiti, likita bai fara da ambulan ɗin ba. Hannun Ƙarami ya kama yana juyawa.

"Waɗannan tun yaushe?"

"Kanta ce, likita. Ta aiki."

"Cire takalminka." Ya latsa jijiyar agararsa, sai ga wani ƙullutun. "Da ƙafa kake riƙe guduma?"

Auta ta yi 'yar dariyar da ta koma kuka a hanya.

Likita ya buɗe takardar, ya tambayi tarihin gidansu, sannan ya yi musu bayani a hankali. Akwai wani kitse a jini da ake kira kolestarol. Jikin wasu ba ya iya kwashe mugun nau'insa, kuma gadonsa ake yi: in uba yana da shi, kowane ɗa yana iya ɗauka, yana iya tsira, rabi da rabi. Shi ne yake taruwa a jijiyoyin da ke ciyar da zuciya har su toshe, shi ne kuma ya taru a hannun nan. Na Ƙarami ya ninka na lafiyayyen mutum sau biyu har da ɗori.

Ƙarami ya ji kujerar tana nutsewa da shi.

"Shekara nawa suka rage min?"

"Wannan ba a wurina take ba. Abin da ke wurina ƙwaya ce, kullum ɗaya, har iya rayuwa. Ka rage maiƙo, ka yi tafiya a ƙafa, ka dawo bayan wata uku. Ka kawo min 'ya'yan yayanka ma."

Da kansa ya kai wa mahaifin Auta takardar. Gwaggo ta tafa hannu.

"Ba na faɗa ba? A raba kawai!"

Dattijon ya kalli yaron. "Kana iya ɓoye min, ba ka ɓoye ba. Kawo min irin wannan guda uku, in ga lambar tana sauka. Sannan mu yi magana."

Wata tara! Manema suka yi ta zuwa, Auta tana sallamar su. Kowace safiya saƙonta ɗaya ne a waya: "Ka sha?" Shi kuma ya amsa: "Na sha, ranki ya daɗe." Sai ta rubuto: "Naka dai ya daɗe."

Inna ce ta fi wahalar shawo kai, don ba ta so a ce jinin mijinta ne ya cinye mata ɗa. Amma wata rana ta zauna tana shafa hannun babbar 'yar Yaya, ta daɗe, sai ta tashi ta ɗauko mayafi, ta kai yaran gwaji. A cikin yara biyun, ɗaya aka samu da shi, aka kuwa tare shi da wuri.

Takarda ta uku ta zo da lambar da ta sa likita murmushi. Mahaifin Auta ya ninke ta, ya ce, "Na ba ka." Gwaggo ta ce ita dai sai ta ga furfura.

"In Allah ya yarda, Gwaggo, ta farko ke zan kawo wa," in ji Ƙarami.

Da ya dawo gida ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Yaya, ya daidaita silifas ɗin nan da ya karkace, ya yi kukan da bai samu ya yi ba ranar da Yaya ya faɗi. Shekara da shekaru gargaɗi yana rubuce a bayan hannunsu, suna shafa shi suna alfahari.

Jama'a, rai na Allah ne, amma neman magani umarninsa ne. Wanda ya ga maza na faɗuwa da ƙuruciya a gidansu, kada tsoro ya hana shi gwaji. Gaskiya da haƙuri su suka ba Ƙarami Auta.