Ranar da Tadeo Ya Ƙi Shiga Ruwa

Ranar da Itzel ta fara ganin Tadeo, zaginsa ta yi. Da sassafe ne a bakin tekun Zicatela, iska na busowa daga tudu, igiyoyin ruwa na miƙewa tsaf. Tana cikin ruwa a kan allonta na hawan igiya. Ita ce ta fi kusa da inda igiyar ke karyewa, don haka ita ke da ikon hawanta, kowa a garin ya san haka. Sai ga wani dogo ya faɗo gabanta da allonsa, suka rikito tare.

"Kai makaho ne, ko baƙo?"

"Baƙo ne," in ji shi, yana tofar da yashi. "Ki yafe, ko ki koya mini."

Ba ta yi dariya ba sai da ta isa gida.

Daga can cikin duwatsun Oaxaca ya zo, yana gyaran allunan da teku ta karya a wata rumfa bayan kasuwa. Sau uku ta kai masa nata a wata guda, alhali lafiyarsa ƙalau. Ta sa masa suna Ɗan Dutse. Shi kuma Gishirina yake ce mata.

Mahaifinta, Don Nemesio, ya shekara talatin a kan hasumiyar masu ceton mutane daga teku. Da ya ji zancen aure ya ce a'a, ko cokalinsa bai ajiye ba. Ya ce gawar mutanen tudu tara ya ciro daga wannan ruwa da hannunsa, dukkansu jarumai, babu wanda ya san cewa yashin da ke ƙasa ba ya zama wuri ɗaya. Ba zai ba na goma 'yarsa ba. Ga Ulises nan, a bakin ruwa aka haife shi, ya ci gasar hawan igiya sau biyu.

"To Ulises ya auri kofunansa, Baba. Ni na riga na zaɓa."

A watan Yuni aka kwana uku ana ruwan sama. Rana ta huɗu manyan igiyoyi suka iso daga kudu, kowace ta fi gida tsayi. An ɗaga jar tutar gargaɗi, amma tuta ba ta hana masu allo. Gari ya taru. Ulises ya zo ya kafa allonsa a gaban Tadeo, ya ce da ƙarfi yau za a san wanda ya cancanci 'yar Don Nemesio.

Itzel tana gindin hasumiya, ta ga inda idon mahaifinta yake. Ta ɗauko waya ta tura wa Tadeo saƙo.

"Ɗan Dutse, ka shiga. Igiya ɗaya kawai. Baba na kallonka."

Tadeo na tsugune yana kallon teku. Sai da ya yi kusan awa guda kafin ya maido mata da amsa.

"Gishirina, ba zan shiga ba. Tudun yashin ya matso. Igiyar rufewa take gaba ɗaya, ruwan da ke ƙasanta bai kai gwiwa ba. Ina son in tsufa tare da ke, ko da matsoraci za a riƙa ce mini."

Ranta ya ɓaci. Ta ɗaga kai ta dubi ruwan da kyau, karo na farko tun safe. Igiyar na tasowa da launin ƙasa, yashi take kwasowa. Kunya ta kama ta. Ita haifaffiyar wurin, fuskar mahaifinta ta tsaya karantawa.

Samari sun fara yi masa kukan kaza, wai shi matsoraci ne. Ta ratsa su, ta tsuguna kusa da shi, ta kama hannunsa a gaban kowa.

"Ku ci gaba," ta ce musu. "Wanda bakinsa ya gaji, ga ruwa nan."

Ulises ya shiga. Igiyar farko ta naɗe shi ta maka da ƙasa. Don Nemesio ne ya jawo shi, da rabin allo da gocacciyar kafaɗa.

Bayan an tafi da Ulises asibiti, tsohon ya dawo yana ɗigar ruwa, ya tsaya a kansu. Itzel ba ta saki hannun ba. Ya tambayi Tadeo me ya gani. Tadeo ya nuna masa inda yashin ya taru, da sabuwar hanyar da ruwa ke bi yana komawa teku, ya ce ƙila da yamma a iya shiga idan teku ta cika.

"Jibi," in ji Don Nemesio. "Yamma ta yi wuri." Ya matse rigarsa. "Ka kawo iyayenka ranar Lahadi."

A watan Nuwamba aka ɗaura auren a cocin da ke saman tashar masunta. Dangin ango suka sauko daga duwatsu da tukwanen miya, na amarya suka gasa kifi. Ulises ma ya zo, ya ci kwano biyu.

Kafin a fara rawa, ango da amarya suka durƙusa. Don Nemesio ya ɗora hannu a kawunansu.

"Allah Ya ba ku tsawon rai tare. Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da uwarsu."

Kowa ya ce amin sau biyu. Itzel sau ɗaya ta ce.