Wurin da Safiyo Ya Tsallake

Tun la'asar kowa ya watse daga ofis, aka bar injiniya ita kaɗai, daga ita sai kwamfuta sai ciwon kai. Gobe da safe za a miƙa zanen sabuwar hanya, kuma Oga ya gaya mata ba kwana-kwana: in bai tarar da aikin a kammale ba, ta yi sallama da teburin zane. Ita kuwa Allah kaɗai ya san wahalar da ta sha kafin ta samu teburin nan.

Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne. Safiyo, wato ma'aikacin awon fili, ya je ya auno tudu da kwarin ƙasa, ya kawo ɗigo-ɗigo, kowanne da tsayinsa. Manhaja ta haɗa su kamar raga, fuskar ƙasa ta fito, a shimfiɗa titi a kai. To amma bawan Allahn nan ya tsallake wani wuri a tsakiyar hanya, faɗinsa bai fi tsakar gida ba. Raga ta zo nan ta yage, ta bar baƙin rami.

Ta kira shi rai a ɓace. Ya ce wai na'urarsa ce ta ƙi karantawa. Da ta matsa masa, sai ya rage murya, ya ce masu riƙe masa sandar awo sun ƙi taka wurin, shi ma bai taka ba, ita ma ta bar shi yadda ta gan shi. Ta kashe waya ta ja tsaki. Ƙato da iliminsa da albashinsa, ya tsaya yana tsoron fili!

Sai ta yi abin da duk mai sana'ar nan ya sani, ba ya dai faɗa. Ta dubi tsayin hagu, ta dubi na dama, ta ƙirƙiro na tsakiya ta zuba. Raga ta rufe ruf, titi ya kwanta sumul.

Saura gwajin ruwa. A manhajar akwai inda za ka ɗiga ruwan ƙarya a kan titi, wani shuɗin layi ya nuna maka inda zai gangara. Ta ɗiga. Maimakon ya gangara kwata, layin ya juya ya hau tudu, ya je ya tsaya daidai inda ta toshe. Ta ce yau ga jaraba, ta sake daga wani gefen. Nan ya koma. Haushi kamar ta rotsa allon.

Magariba ta kawo kai, taga ta yi ja. Ta sake dannawa.

Ɗas.

Ɗigar ruwa ce, a bayanta. Ta ɗaga hannu, shiru. Ta danna.

Ɗas.

Wani wari ya taso, na laka, irin na tsohuwar rijiya. Wuta ta ɗauke. Akwatin batir da ke ƙarƙashin tebur ya fara kuka a hankali. A hasken allo ta ga siririn ruwa yana tahowa daga ƙofa, yana karya kwana a kan tayil yadda shuɗin layin ya yi.

Ya taɓa ƙafarta. Sanyi ƙalau. Ya hau idon sawu.

"Baiwar Allah." Muryar mace ce, can ƙasa, kamar daga cikin tulu. "'Ya'yana suna ƙarƙashi. Ta ina za su numfasa?"

Da ƙyar ta haɗa leɓɓanta. "Zane ne kawai. Ba a zuba ko yashi ba."

"Abin da kuka zana, shi kuke yi."

Numfashinta ya tsuke. Ta buɗe baki, iska ta ƙi shiga. Ta shiga goge ɗigo-ɗigon da ta ƙirƙira, ɗaya bayan ɗaya.

Kukan batir ya ƙara sauri.

Ruwa a gwiwa.

Idonta ya fara ganin duhu. Ta laluba na ƙarshe, ta goge.

Ramin ya buɗe.

Ta ji an ja numfashi a lokaci guda, baki da yawa, ƙanana. Ta adana aikin, allo ya mutu. Ba ta san yadda ta sauka bene ba, a bakin titi ta ga babu takalmi a ƙafarta.

Da safe Oga ya ga rami a tsakiyar hanyarsa, ya yi ta faɗa har ana leƙowa. Ta fara bayani, ya tambaye ta ko gada take so a gina wa aljanu. Aka mayar da ita ɗakin buga takardu, aka ba da aikin ga wani abokin aikinta da ake wa laƙabi da Nan-da-nan. Kafin shayinsa ya huce ya toshe ramin ya tura. Ta bi shi har bakin mota tana roƙonsa ya janye, ya yi dariya ya ce baƙin ciki take yi masa.

Yanzu wurinta yake zuwa karɓar zane. Da fari takalminsa ne a jiƙe, alhali an daɗe ba a ga hadari ba. Daga baya wandonsa, har gwiwa. Ya daina barkwanci, da baki yake numfashi. Jiya da ya miƙo hannu, ta ga laimar ta kai wuyan rigarsa.