Baba Ya Tafi Kano

A shekarar da fara ta cinye gonakin Matameye, rumbuna sun zama fayau. Mutane sun ci abin da suka ajiye, har da irin shuka. Ga damina kuma tana ƙaratowa.

Akwai wata yarinya, 'yar wani manomi mai suna Ɗan'azumi. Tana son mahaifinta matuƙa. Babu abin da take tsoro kamar jar hular gardi, wato ɗan sandan Nasara. Bara wani gardi ya tafi da kawunta aikin hanya. Sai bayan wata uku ya dawo, a rame, ƙafafu duk sun tsage.

Ran nan da hantsi tana shara a ƙofar gida, sai ga gardi.

Ya ce, "Ke 'yan mata, nan ne gidan Ɗan'azumi?"

Mahaifinta yana ciki, yana gyara ƙotar fartanya.

Ta ce, "Baba ya tafi Kano."

"Yaushe zai dawo?"

"Sai bayan kaka."

Gardi ya ce, "To, bana babu noma ke nan." Ya wuce gida na gaba.

Yarinya ta yi murna a ranta. Tana ganin ta ceci mahaifinta. Ba ta gaya wa kowa ba.

Bayan kwana uku, sai ga maƙwabta suna dawowa da jakuna, kowa da kayan gyaɗa. Innarta, Balki, ta leƙa ta tambaya. Aka ce mata ai iri ne Kumandan, wato Nasaran da ke mulkin yankin, ya sa a raba wa manoman da fara ta yi wa ɓarna. Gardi ya bi gida-gida ne don ya san masu niyyar shuka.

Ɗan'azumi ya ɗauki buhu ya tafi da sauri. Da la'asar ya komo hannu wofi. Ya zauna a gindin rumbu.

Ya ce, "Balki, wai ba na cikin masu karɓa. Wai na tafi Kano. Ni da ko Dungu da ke nan kusa ban leƙa ba bana!"

Balki ta ce, "To, Malam, me za mu shuka?"

Yarinya ta dubi fuskar mahaifinta, sai ta fashe da kuka. Ta durƙusa gabansa.

"Baba, ni ce na faɗa. Na zaci aikin hanya za a kai ka."

Ɗan'azumi ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dafa kanta.

Ya ce, "Uwata, na san don kina sona kika yi. Amma da kin kira ni, da na fito na ji abin da ya kawo shi. Gobe tare za mu je. Bakin da ya faɗa shi zai gyara."

Da safe suka isa wurin rabo. Magatakarda ya hango Ɗan'azumi, ya ce, "A'a, mutanen Kano! Yaya hanya? Ina tsarabarmu?"

Jama'a suka yi dariya. Yarinya ta matsa gaba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, Baba bai je ko'ina ba. Ni na yi ƙarya, don tsoro."

Gardi ya cire hularsa, ya juya ta a hannu. Ya ce, "Malam, a ba shi. Hular nan ta sa manya ma sun haura katanga, balle yarinya."

Magatakarda ya sa aka karkaɗe sauran buhunan, aka auna wa Ɗan'azumi rabonsa.

Ruwan farko da ya sauka, uba yana sara, 'ya tana bin sa tana zuba iri. Gyaɗa ta yi kyau a shekarar.

Yara, ku riƙe wannan. Ƙarya tana cutar da wanda kuke so, ko da don ƙauna kuka yi ta. In abu ya ba ku tsoro, ku gaya wa iyayenku.