Tulun Da Ya Tsage

A wani ƙauye, can da daɗewa, an yi wata yarinya mai kaɗa tulu a majami'a. Tulun na wata tsohuwa ne mai ginin tukwane. Ana saura Lahadi huɗu Kirsimeti, ya suɓuce wa yarinyar ya tsage. Ta shafe tsagar da laka, ta yi gum.

A waɗannan Lahadi huɗu akan kunna kyandir ɗaya kowane mako a majami'a. Aka kunna kyandir na fari, fasto ya ce, "Ku shirya zukatanku." Ta kaɗa tulu, amonsa ya dushe. Tsohuwa ta dube ta. Yarinya ta ce a ranta, "Sai mako mai zuwa zan faɗa mata."

Aka kunna na biyu, ta ce, "Sai mako mai zuwa." Aka kunna na uku, tsaga ta kai wuyan tulu.

Ran na huɗu ta rungumi tulu sai gidan tsohuwa. Ta durƙusa, ta ce, "Kaka, ni na tsaga shi."

Tsohuwa ta jawo sabon tulu daga bayan rumbu, ta ce, "Tun ran kyandir na fari kunnena ya gaya mini. Wannan ya daɗe da gasuwa, jikata. Ke yake jira."